Yadda ake rayuwa da ƙwallo a ƙananan rukunai: abin da na faɗa wa yarona kafin ya ɗauki jaka

Kwanakin baya wani yaro daga cikin waɗanda nake horarwa da yamma ya same ni a shago bayan sallar isha'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Koci, an kira ni sikirinin a wata ƙungiya ta NNL, jibi zan tafi." Sikirinin shi ne gwajin tantance 'yan wasa, NNL kuwa rukuni na biyu ne a gasar ƙwallon Najeriya. Bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Na jawo masa benci na ce ya zauna, ba mu tashi ba sai da mahaifinsa ya bugo waya yana cigiyarsa. Abin da na faɗa masa a daren shi ne na zauna na rubuta, don na san irinsa suna nan da yawa a Kano da Kaduna da Jos da Gusau da Bauchi, kowa da takalminsa a leda yana jiran kira.

Ni ɗan baya ne, lamba 5. Kaka tara na yi ina buga ƙwallo ana biyana, daga gasar jiha zuwa NLO, rukuni na uku, zuwa NNL. Ban taɓa buga wasa ko ɗaya a NPFL, babbar gasar ƙasar nan, ba. Da kuɗin ƙwallo na haɗa lefe, a cikinta kuma na samu gwiwar da har yau ba na iya zaman tahiya sai na miƙe ƙafar hagu. Ina son wasan nan har gobe, shi ya sa ba zan ɓoye maka komai ba.

Ƙanena, fara da sanin tsanin da kake hawa. A sama akwai NPFL mai ƙungiyoyi 20. Ƙasa da ita NNL, wadda ake rabawa shiyyar Arewa da ta Kudu, ƙungiyoyi 4 ke hawa sama a ƙarshen kaka. Ƙasa da ita NLO, sai gasannin jihohi, sai mu na unguwa. Kada wani ya raina maka NNL. Kano Pillars, da ta ci kofin babbar gasar ƙasar nan a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗo cikinta a 2022, sai a 2023 ta koma sama tare da Katsina United. El-Kanemi Warriors tana NNL ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024, kamar yadda Bayelsa United ta yi a 2021. Ƙwallon da ake bugawa a nan ta maza ce. Abin da ya raba ta da ta sama shi ne kuɗi da kulawa da idon 'yan jarida. Kuma a shekarun da na yi, yawancin waɗanda na ga sun lalace ba a cikin fili aka kayar da su ba. Takarda ce, ko bashi, ko rauni, ko ɗan damfara.

Sikirinin

Za ka tarar da mutum ɗari ko fiye a fili ɗaya, koci yana neman biyar ko shida. Wani lokaci minti ashirin kacal za a ba ka. Don haka kada ka je da niyyar nuna gwaninta. Yaran da ke fara yanka da ɗaga ƙwallo su ake fara sallama, saboda kocin ƙaramin rukuni ba ɗan kallo ba ne, aikinsa yake tsoron rasawa. Yana neman wanda zai karɓi ƙwallo ya bayar ba tare da ta ɓace ba, wanda zai dawo baya in an ƙwace, wanda ke magana da na kusa da shi. Ka buga lambar da ka sani. In an tambayi wa zai buga 3, wato baya ta hagu, kai kuma ɗan tsakiya ne, kada ka ɗaga hannu don kawai a saka ka. Da abin da aka gani za a auna ka, ba wanda zai tuna ba gurbinka ba ne.

Ka fara shiri tun sati shida kafin ranar, gudu da safe, ƙwallo da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka sa sabon takalmi a sikirinin, zai yi maka kanta tun ranar farko. Ka tafi da biyu in kana da hali, mai ƙusoshi don ciyawa da mai ƙananan haƙora don busasshen fili, domin yawancin filayenmu da rani ƙasa ce tauri kamar siminti. Ka riƙe kuɗin motar dawowa a wani aljihu daban, kada ka taɓa shi ko da yunwa za ta kayar da kai. Na ga yara sun sayar da waya a tasha don su dawo gida.

In aka ce ka biya kuɗi mai yawa kafin a saka ka, ko ka "ga" wani don sunanka ya fito, ka tattara kayanka. Wanda ya shiga da kuɗi, ranar da wani ya kawo wanda ya fi nasa shi za a cire.

Sai maganar shekaru. Kowa ya san abin da ake kira shekarun ƙwallo, kuma za a ba ka shawarar ka rage uku ko huɗu. Ni shawarata kada ka yi. Tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar nan a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ke amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu. Yau kuma ga lambar NIN, ga BVN, ga fasfo, ga lasisin wasa, duk a kwamfuta. Ranar da babbar dama ta zo, ranar haihuwa biyu a takardunka sun isa su rushe ta. Ban da haka ma, jikinka ya san gaskiya ko da takarda ta ɓoye.

Takarda

Nan ne zan daɗe, domin nan aka fi cutar mu.

A dokar FIFA, ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda ke da rubutaccen kwantiragi da ƙungiya, kuma ana biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda ba haka ba ɗan sha'awa ne, ko da kullum yana cikin sha ɗayan farko. Ka ga ke nan "ciyaman ya ce zai riƙa ba ni kaza" ba aiki ba ne. Alkawari ne, kuma ciyaman na iya canzawa kafin a kai tsakiyar kaka.

A kakata ta uku na sa hannu a wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Da daddare aka kira mu ɗaki ɗaya bayan ɗaya, sakatare ya buɗe shafin ƙarshe kawai ya nuna min layi. Na ga gurbin albashi babu komai, na tambaya, aka ce gobe za a cike. Ina jin nauyi, ina tsoron kada a ce yaron nan ya cika tsaurin ido, na sa hannu. Kwafi ma ban nema ba. Da kaka ta ƙare ina bin su albashin wata biyar da rabin kuɗin sa hannu. Da na je neman haƙƙina aka fito da takarda an rubuta adadin da bai kai rabin wanda muka yi magana ba, ga sa hannuna a ƙasa. Wa zan kai ƙara, da wace hujja? Har yau kuɗin nan bai fito ba.

To ga yadda za ka yi. Kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka takarda. Ka ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, zan nuna wa mahaifina." Babu shugaban kirki da zai ji haushin wannan. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka tura wa wanda ya iya karatun Turanci sosai, lauya in akwai a dangi, ko malamin makaranta, ko tsohon ɗan wasa da ka yarda da shi. Ka tabbata an rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka duba albashi da lamba da kuma kalmomi, da ranar da ake biya. Ka duba ko wata goma sha biyu za a biya ka ko kuwa lokacin gasa kaɗai, domin hutun gasarmu kan yi tsawo, wani lokaci ba wanda ya san ranar dawowa. Kuɗin sa hannu, in akwai, a rubuta nawa za a bayar yanzu, nawa daga baya, yaushe. Bonas na nasara a gida, na canjaras a waje, alawus na tafiya, wurin kwana, abinci, duk su shiga takarda. Abin da ya fi su duka: wa zai biya magani in ka ji rauni, kuma albashinka zai ci gaba ko a'a. In akwai gurbin da ba a cike ba, a cike a gabanka ko a ja masa layi. Ka sa hannu a kowane shafi, ka karɓi kwafinka mai sa hannun ƙungiya da tambarinta, ka kai gida ka ba mahaifiyarka ta adana. Kada ka bar shi a kamp.

Akwai dokoki kaɗan da ya kamata ka haddace kamar lambar wayarka. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, in kuma ba ka kai 18 ba, ba ya wuce 3. In saura wata 6 ko ƙasa da haka kwantiraginka ya ƙare, kana da damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya. A kaka ɗaya ana iya yi maka rajista da ƙungiyoyi 3, amma 2 kaɗai za ka buga wa wasan gasa, don haka kada ka riƙa tsalle daga nan zuwa can ba lissafi. Sannan tun 2018 akwai sashen da ya ce in ƙungiya ta riƙe maka albashin wata 2, kana da hujjar raba gari da ita, da sharaɗin ka rubuta mata takardar gargaɗi ka ba ta aƙalla kwana 15 ta biya. Ka lura da kalmar rubutawa. In ka yi fushi ka ɗauki jaka ka tafi gida ba takarda, kai za a ce ka gudu daga aiki. Ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka sa a buga maka tambarin karɓa a kwafinka. Rikici da ƙungiyar cikin gida ana kai shi gaban kwamitin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, mai kula da matsayin 'yan wasa da sasanci. In ƙungiyar waje ce, kotun ƙwallo ta FIFA ce, ba a karɓar kuɗin shari'a daga ɗan wasa, amma in magana ta wuce shekara 2 ba za a saurare ta ba.

Kafin ka bar ƙungiyarka ta unguwa, ka zauna da kocinka ku yi maganar kiliyarans, wato takardar sallamar da za ta ba ka damar komawa wata ƙungiya, a fili. Ka rabu da shi lafiya. Shi ma yana da haƙƙi: in wata rana aka sayar da kai daga ƙungiya zuwa ƙungiya a ƙasashen waje, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene ka daga shekara 12 zuwa 23, amma sai in sunanka yana cikin rajistarsu a hukumance. Mutumin da ya saya maka takalmin farko bai cancanci ka ɓace masa ba.

Masu cewa za su kai ka Turai

Da zarar ka buga wasa uku masu kyau za su fara kira. Wani zai turo maka takardar gayyata a WhatsApp mai tambarin wata ƙungiya a Turkiyya ko Dubai ko Sabiya, ya ce a kawo kuɗin biza da tikiti kafin Juma'a. Na san gidan da aka sayar da fili saboda irin wannan takarda. Yaron ya sauka a wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido, wanda zai tarbe shi ya kashe waya, ya shekara biyu yana wankin kwanuka yana jin kunyar dawowa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ejan na gaskiya, wato wakilin ɗan wasa, yana da lasisin FIFA, tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu, kuma sunayensu suna shafin FIFA a intanet, ka sa a duba maka. Ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke ɗaukar nauyin tafiyarka. Ejan yana samun nasa ne in ciniki ya faɗa, ba daga aljihun mahaifinka ba. In ba ka kai 18 ba, dokar FIFA ta hana a kai ka wata ƙasa wasa sai a wasu 'yan yanayi da ba su cika shafar irinmu ba, duk wanda ya ce zai yi maka dabara ƙarya yake. Kuma kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe.

Ban ce ba a fita ba. Ahmed Musa daga ƙananan ƙungiyoyin Jos ya taso, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, sannan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Zaidu Sanusi ɗan Jega sai da ya yi zama a ƙaramin rukuni a Fotugal, a Mirandela, kafin Santa Clara, kafin Porto a 2020. Dukansu wasa aka gani aka neme su, mataki bayan mataki. Amma ka ƙirga yaran da suka taso tare da su, nawa ne ka san sunansu? Ka shirya rayuwarka kamar kana cikin waɗanda ba a san sunansu ba, in Allah ya yi da kai za a ji sunanka, sai ya zama ƙari.

Kuɗi

Yawancin ƙungiyoyinmu na Arewa na gwamnatocin jihohi ne. Albashinka yana bin fayil daga ofis zuwa ofis, kalmar da za ka fi ji a kamp ita ce "ba a saki kuɗi ba". Masu zaman kansu kuma sun dogara da aljihun mutum ɗaya, in harkarsa ta girgiza ko zaɓe ya wuce, ƙungiya ta girgiza. Don haka ka ɗauka cewa a shekara za ka ga albashin wata bakwai ko takwas ne, ka tsara cin abincinka da aiken gida a kan haka.

In kuɗi suka zo a dunƙule, wata uku a haɗe, nan ne hankali ke gushewa. A ranar za ka ga sabbin wayoyi a kamp. Ni abin da ya cece ni shi ne wani dattijon golanmu, Allah ya saka masa da alheri, da ya sa mu shida muka kafa adashi, kuma ya hana kowa kwasa sai ya faɗi abin da zai yi da ita. Kwasata ta farko tumaki biyu na saya na kai wa kawuna a ƙauye. Ta biyu firiji. Shagon da nake zaune a ciki yau daga firijin nan ya fara.

Ka faɗa wa 'yan gidanku gaskiyar abin da kake samu. Unguwa tana ganin hotonka da rigar ƙungiya, ana ɗauka ka zama Alhaji. In ka yi shiru don a ci gaba da girmama ka, buƙatun da za a kawo maka sai sun fi ƙarfinka, ka shiga cin bashi don kare suna. Caca ta waya kuwa, wadda ta cika kamp-kamp yanzu, ban da haramcinta, dokar ƙwallo ta hana ɗan wasa yin caca a kan wasanni. Na ga wanda ya zuba albashin wata biyu a dare ɗaya.

Hanya da wasan waje

Za ka san hanyoyin ƙasar nan fiye da direban tirela. Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ko Sakkwato zuwa Yola, mutum ashirin da wani abu a bas ɗaya, jakunkuna a kan cinya. Wani lokaci a isa da daddare a buga washegari da ƙarfe huɗu. Duk inda aka tsaya ka sauka ka taka, ka miƙe jijiyoyinka, kada ka zauna kana danna waya. Ka riƙe ruwanka da dabino da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Kada ka gwada sabon abinci a tasha ana gobe wasa, gudawa ta fi kowane ɗan gaba iya kayar da ɗan baya. Ka tafi da gidan sauronka, masaukin da ake kai mu ba a tambaya.

In kana da baki a cikin 'yan wasa, ku roƙi shugabanni a daina tafiyar dare. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya wasa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Wannan babbar ƙungiya ke nan. Ka yi addu'ar tafiya, ka sanar da gida inda kuke.

A filin wasu kuwa, ka sa a ranka cewa maki uku a waje abu ne mai wuya a gasarmu. Za a busa abin da ba ka gane ba, za a ƙara lokacin da ba ka san daga ina ya fito ba, 'yan kallo suna dab da layi suna kiran sunan mahaifiyarka. Kada ka taɓa alƙalin wasa, ko da yatsa. Kyaftin ne mai magana. Jan kati da dakatarwa a kanka za su ƙare, bonas ɗinka ne zai tafi. In an tashi kuma ka ga fili ya rikice, ku haɗu wuri ɗaya a tsakiya ku jira jami'an tsaro, kada kowa ya yi ta kansa.

Wata rana wani zai zo maka a ɓoye, wataƙila ma wanda kake girmamawa, ya ce wasan gobe "an gama magana", kai dai ka sassauta. Ɗan baya da gola su aka fi nema. Ka tuna Yulin 2013 a Bauchi, wasannin neman hawa rukunin Nationwide, wato NLO, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Duniya ta yi ta yi da mu, NFF ta dakatar da ƙungiyoyin shekara 10, 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa kuma har abada. Yara ne irinka, da yawansu umarni kawai suka bi. Ka ce a'a tun farko, da kakkausar murya, sau ɗaya. In ka karɓa sau ɗaya ka zama nasu.

Jikinka

Shi ne jarinka, kuma a ƙaramin rukuni kai ne likitan farko. Kafin kowace kaka ka je asibiti da kuɗinka a auna jininka, a yi maka gwajin zuciya, ko da ƙungiya ba ta nema ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a fili a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris 2020. In kana jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ba daidai ba lokacin atisaye, ka faɗa. Ba ragwanci ba ne. Haka in zazzaɓi ya kama ka, kada ka sha magani da safe ka shiga fili da yamma don tsoron rasa riga.

Gwiwata a wasan gida ta tafi, ana saura minti goma. Na juya zan bi ɗan gaba, ƙafa ta kafe a ƙasa, na ji ƙara a ciki kamar an karya kara. Kafin dare ta kumbura. Aka yi hoton ƙashi aka ce babu karaya, targaɗe ne, aka kai ni wajen mai ɗori ya ja ya murza. Bayan sati uku aka yi min allurar kashe zafi na koma fili, saboda muna neman hawa sama kuma ina tsoron wani ya gaje gurbina. Sau uku gwiwar tana zamewa a wasa. Sai bayan shekara na je Asibitin Ƙashi na Dala, likita ya sa aka yi MRI, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke tun ranar farko, kuma wasannin da na buga a kanta sun cinye guringuntsin. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan jijiya. Da an gano da wuri aka yi aiki, da wata tara zuwa shekara na dawo. Ban raina masu ɗori ba, sun taimaki mutane da yawa a karaya, amma gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura nan take, take kuma zamewa, ba tasu ba ce. Ka sa ƙanƙara a tsumma minti 15 zuwa 20, ka ɗaure, ka ɗaga ƙafar, ka nemi likitan ƙashi. Kada ka yarda a yi maka allura don ka buga wasa ɗaya.

Ka guji ƙwayoyi. Tiramol ya shiga jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma tun kafin nan na ga yadda ya mai da 'yan wasa masu kyau abin tausayi. Magungunan ciwon jiki da ake sha kamar gyaɗa kafin wasa, ciki ba komai, ga zafin rana ga ƙarancin ruwa, suna cin ciki da ƙoda.

Da azumi, in gasa ba ta tsaya ba, ka roƙi koci a mai da atisaye mai nauyi bayan la'asar sosai ko bayan an sha ruwa. Ka riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa-baki har sahur, kada ka tula shi lokaci ɗaya. Hukuncin azumin matafiyi kuwa ka tambayi malaminka tun kafin watan ya kama.

Abin da za ka koma

Ana atisaye da safe, wani lokaci da yamma, tsakani kuwa awa biyar ko shida ne na kwanciya da karta da waya. Shekara tara na irin waɗannan awoyi sun isa mutum ya yi digiri biyu. Ni sai a kaka ta shida na farga, na fara zuwa shagon wani mai gyaran firiji kusa da kamp ina kallon hannunsa. Kai ka fara tun kakar farko: ɗinki, gyaran waya, wayarin, aski, tuƙi, ko karatu a buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN wadda ba ta buƙatar zama aji kullum. In ba ka gama sakandare da sakamako mai kyau ba, ka sake zana jarrabawar. Ƙungiyoyin hukumomi masu kaki ma, in dama ta zo a ɗauke ka aiki, takarda za su tambaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In kuma a cikin ƙwallo kake son zama, ka fara tun kana bugawa. Akwai kwas na horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, akwai lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, daki-daki, akwai alƙalanci ga wanda bai tsufa ba. Ka riƙa ajiye bidiyon wasanninka da lasisinka na kowace kaka da lambobin kocin da ka yi aiki da su. Ka gaishe da mai wankin riguna da direba da mai ba da magani kamar yadda kake gaishe da ciyaman, duniyar ƙwallon Arewa ƙarama ce, mutanen nan za ka sake tararwa a wata ƙungiyar.

Yaron nan ya tafi da takalmi biyu, na ara masa ɗaya, da gidan sauro da kuɗin mota a cikin safa. Shekaranjiya da daddare ya kira ni, ya ce cikin waɗanda suka je su bakwai aka riƙe, har an ba su takarda an ce su sa hannu kafin safiya. Ya turo min hotunan shafi huɗu. Ranar ƙarewa babu, gurbin albashi babu komai, maganar rauni ba a ambata ba ko a layi ɗaya. Na ce ya je ya sami sakatare ya gaishe shi, ya ce mahaifinsa yana hanya. Gobe bayan asuba ni da mahaifin za mu hau mota, na riga na sa biro da kwafin tsohon kwantiragina a aljihu.